Yaron da Ya Cire Gatari

Kwali na huɗu ne ya yage a hannuna, daidai bakin zaure, littattafan suka zube cikin rairayi. Abatcha, ɗan wan Dokta Meram, ya ce in tattara da sauri, motar da ta kawo gadon asibiti tana jira a waje, kuma a ɗakin littattafan za a kafa shi. Na durƙusa ina tsincewa. Kaye ne, wato littattafan rubutu irin na ƴan lakol, makarantar boko, sun fi ɗari, kowanne da sunan yaro a bangonsa. Can cikinsu na ga nawa: Sadiƙ Ilu, shekara bakwai. Na cusa shi cikin riga.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na Dokta. Ba likitar allura ba ce. Ta yi karatu a Yamai da Faransa, ta shekara talatin da wani abu tana bin tambaya guda: yaya yaro ke gane cewa akuya da tunkiya daban suke, amma duka dabbobi ne? Takan shimfiɗa tabarma a Gagamari ko nan Diffa, ta jera wa yara kaya, ta rubuta abin da suka yi da su. Da aka buɗe sansanin Sayam Forage, har can take zuwa wurin ƴaƴan ƴan gudun hijira. Yanzu asibitin Damagaram ya sallamo ta, ba don ta warke ba.

Ni ma na taɓa zama kan tabarmar nan. Ta ajiye fartanya, magirbi, gatari da zangarniyar gero, ta ce in cire wanda ba ɗan gidan ba. Yara biyar da suka riga ni duk gero suka cire, ta yi ɗan zane a takarda, suka tashi. Ni na cire gatari. Ta yi ta tambayata, ta yi ta rubutu, har ta juya shafi. Babana, Alhaji Ilu, yana tsaye a baya tare da sauran iyaye. A ganinsu jarrabawa ce, kuma sun san mushe, malamin lakol, ba ya dogon rubutu sai a kan wanda ya faɗi. Tun ranar unguwa ke kirana Gatari.

Da na maimaita aji huɗu, baba ya ce ai tun a gaban Dokta aka ga kaina ba na lakol ba ne, ya zaunar da ni kanti. Kantin ma ban zauna ba. Na yi dako a kasuwar tattasai, na je Jado haƙar zinariya na dawo da tari, na koyi walda wata uku na bari. Duk inda na fara gane aiki, sai in tafi kafin a gane ni.

Na buɗe kayen a bayan gida. Faransanci ne da rubutunta mai kama da sawun tururuwa, ban iya karanta komai ba sai sunana da kwanan wata. Akwai waɗanda za su karanta min, amma ban so wani ya karanta min daƙiƙancina da bakinsa ba. Na kwana biyu da shi a aljihu, sannan na shiga wurin Dokta da hantsi.

An ɗauke wuta, ƙanwarta Karima tana mata fifita. Dokta ta rame har zoben hannunta an ɗaure shi da zare. Da ta ga abin da na riƙe sai ta yi dariya, ta ce wa Karima ta zo ta ga ɓarawon da bai sami abin sata ba sai kaye. Na zauna ƙasa na gaya mata duka. Ashe ba ta san asalin sunan ba. Ta ɗauka don taurin kai ake kirana Gatari.

Sai ta tambaya ko ni kaɗai aka yi wa haka. Na ce akwai Modu ɗan masunta, da Ishaku wanda ke Libiya yanzu. Ta sa aka miƙo mata tabarau, ta karanta a hankali tana juyawa da Hausa.

"Ga abin da ka ce. Gatari na daji ne. Fartanya ta yi wa gero noma, magirbi ya girbe shi. In kika cire gero, sauran me za su yi?"

Ta huta, Karima ta jiƙa mata leɓe. Ta ce a littafinta na farko ta rubuta cewa yaran da ke haɗa kaya ta hanyar aikinsu suna baya, don haka aka koya mata. Mu goma sha ɗaya muka ba ta irin amsar nan a shekarar, kuma mu muka sa ta koma ta ƙaryata kanta. Ta yi shekara goma sha biyar tana nuna cewa hanya biyu ce, duka tunani ne, lakol dai ɗaya ta zaɓa.

"Na faɗa a Yamai, na faɗa a Faransa," in ji ta. "Ban zagaya katanga na faɗa wa babanka ba."

Na ce, "Ya Meram, ni dai ki gaya min. Kaina yana ja ko ba ya ja?"

"Ni na sani tun kana shekara bakwai, ɗana. Wanda bai sani ba za ka kira min."

Baba ya zo bayan la'asar, ya zauna kan kujera a bakin ƙofa, ya yi mata sannu da jiki. Ta fara bayani, numfashinta yana yankewa. Ya katse ta cikin ladabi, ya ce kada ta wahalar da kanta, komai rubutacce ne, kuma rashin zaman yaron nan wuri ɗaya ba ita ta sa masa ba. Ta ɗago kai daga matashi, abin da ba ta yi ba tun da aka kawo ta.

"Alhaji, ba gaisuwa na kira ka ba. Yaron nan bai faɗi ba. Ka ji daga bakina."

Baba ya dubi bango. Ya ce Allah ya ba da lafiya, ya sa takalmansa ya fita. Kwana huɗu muna ci a faranti ɗaya, bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Har na fara tambayar motar da ke zuwa Agadas.

Ranar Alhamis da safe muka ji kukan Karima ta kan katanga.

Ƙasar maƙabartarmu rairayi ce. Bayan an sa Dokta a kabari, gefe ɗaya na ramin ya zaftare, ya yi faɗi, itatuwan da aka saro don rufewa suka kasa kaiwa baki da baki. Abatcha ya ce a aika gari a ƙaro. Liman ya dubi rana, ya ce ba a barin mace a buɗe haka. Kowa ya kawo tasa, ana ɗaga itace ana ajiyewa. Ina tsaye daga baya da tulun ruwan kwaɓa ƙasa sai na ji muryar baba, ba da ƙarfi ba.

"Ku matsa ya duba."

Mutane suka juyo suna neman wanda yake nufi. Na ajiye tulun. Na zaɓi dogaye biyu na kwantar da su a tsawon gefen da ya zaftare, na danne su, yadda gajerun za su samu inda za su hau. Gajere na farko da na ɗora ya zauna daram.

Baba ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya durƙusa kusa da tarin itacen, gwiwarsa cikin rairayi. Ya ɗago guda biyu ya nuna min. Na nuna na hagu, ya miƙo.