Idon Inna a Hoto

Shekara ashirin da biyu ina ɗaukar hoton biki, amma ba ni da hoton mahaifiyata ko ɗaya da idonta yake a buɗe. Na ɗauki ango yana tsakiyar atishawa, na ɗauki amaryar da ta suma ta farfaɗo, duk sun fito ras. Inna kuwa, da na ɗaga kyamara sai ta runtse ido. A bangon falon Yaya, babbarmu, hotunanta goma sha ɗaya ne a jere, duk kamar barci take yi a tsaye.

Ranar bikin 'yar Yaya abin ya wuce wasa. Likita ya riga ya gaya mana ciwon Inna ba na tashi ba ne, a kujera mai taya ma aka shigo da ita zauren. Yaya ta ja ni bayan lasifika.

"Auta, yau ko ka ɗauko mana idon Inna, ko ka sayar da kyamarar nan ka koma gyaran fanka. Wata rana jikoki za su tambayi kamannin idonta, mu nuna musu me? Gira?"

Ni ma da shirina na zo. Na daɗe ina zargin filasha, fitilar nan ta kan kyamara mai walƙiya. Idan tana otomatik, takan fara sakin ɗan ƙaramin haske ta auna wuri kafin babban ya biyo baya, masu saurin ido kuwa a tsakanin nan suke ƙiftawa. Sai na mayar da ita manuwal, haske ɗaya tak. Na juya kanta sama ta bugi farin silin, don hasken ya sauko da laushi kamar na taga. Na kai saurin kyamara ɗaya cikin ɗari biyu na daƙiƙa, iyakar abin da filashata ke iya bi. Na tsayar da amarya da ango a bayan kujerar, na danna. Amarya ta haɗu, ango ma ba laifi. Inna tana barci.

Daga nan dangi suka karɓi aikin daga hannuna. Kawu, ƙanin Inna, ya ce razana ce maganinta. Ya lallaɓo ta baya ya kwarma ihu, "Ga maciji!" Rabin zauren ya watse, ango ya ɗare kan kujera ya bar amaryarsa a ƙasa. Inna ta buɗe ido tar tana neman macijin, na ɗaga kyamara, ta rufe.

Mai gabatarwa ya ɗauki makirufo. "Jama'a, ana roƙon kakar amarya ta buɗe ido." Sau uku ya maimaita, baƙi suna tafi. Mai kwalliya kuma ta ce ba abin damuwa ba ne, za ta zana mata ido a kan fatar idon. Ta gama na dama kenan jariran da ke layin gaba suka fashe da kuka, dole aka goge.

Ni kuwa na kashe filashar gaba ɗaya. Na tura kujerar kusa da taga, na buɗe idon kyamara iya buɗewa, na ƙara mata ƙarfin gani a duhu. Babu walƙiya, ko ƙara babu. Na duba hoton: idanu a rufe gam.

Ashe shekara ashirin da biyu ina zagin filasha ba da haƙƙinta ba. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na san ba za a sake kawo ta wani biki ba. Na durƙusa gaban kujerar, na yi abin da ban taɓa yi ba, na tambaye ta.

"Inna, don Allah me na yi miki? Me ya sa kike rufe ido?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunana.

"Ba haka ake yi ba?"

"Wa ya ce miki haka ake yi?"

"Kai mana. Duk sanda ka ɗora abin nan a fuska sai ka runtse ido ɗaya. Na ce to, shi da ya je ya koyo ma ɗaya yake rufewa, ni da ban sani ba gara in rufe biyun, kada in ɓata wa yaro aiki."

Yaya ta zauna daɓas a kan akwatin lasifika. Kawu ya ce shi dama ya yi zargin haka, ba wanda ya kula shi.

Na kafa kyamarar a kan sandarta mai ƙafa uku, na saita ta daidai fuskar Inna, na matsa gefe. Yatsana na kan maɓalli, fuskata a waje, idanuna duka biyu a buɗe.

"To ga shi, Inna. Yau sabon salo ne, kowa buɗewa yake yi."

Ta buɗe. Idon hagu ya yi fari fat da yana, ban san yaushe ya zama haka ba. Na daman kuwa yana nan da kaifinsa, ya bi ni tun daga goshi har haɓa, a hankali, ba ta ko ƙifta ba.

"Auta," in ji ta, "yaushe ka yi furfura haka?"

Na danna. Sai da Yaya ta karɓi kyamarar ta duba mini hoton, don ni a lokacin ba na ganin komai.