Baki na Arba'in

Mijina, Dakta Tanwir Bhatti, yana koyar da gyaran jerin haƙora a wata jami'a nan Multan. Shekara goma yana bin bakin mutum arba'in da ya taɓa ɗaura wa wayar gyaran haƙora, don ya ga ko haƙoran sun sake karkacewa. Sai ya cike arba'in ɗin za a ba shi farfesa. Kowane baki ya samu sai ya zuba siffarsa da farar ƙasa, ya jera a kabad ɗin kwanukana, kwanukan kuwa suka koma kwali. Baki talatin da tara ke min dariya kullum in na wuce zan ɗauki faranti a kwalin. Ya yi min alkawari ranar da ya gama zai kwashe.

Na arba'in, wani Shuja'at, sai ranar ɗaurin aurensa muka gano inda yake, ga shi washegari zai tashi Dubai.

"Rukhsana, sa kayan biki," in ji Dakta.

"Wa ya gayyace mu?"

"Ilimi."

Muka tarar da ango a zaune, furanni sun rufe masa fuska, dangi sun yi layi kowa na ɗaga furen ya tura masa alawar laddu a baki. Dakta ya bi layi abinsa. Da aka zo kansa, maimakon laddu sai ya danna wa yaron ɗan faranti cike da kwaɓin awon haƙora.

"Cije, ɗana. Minti uku kawai, kar ka motsa."

Ana haka liman ya zauna. Ya tambayi ango ko ya karɓi Nargis a matsayin mata. Ango na cije da faranti. Ya sake tambaya. Ango ya ce, "Mmmf."

Kawun amarya ya miƙe yana naɗe hannun riga. "Kai, 'yarmu ce ba ka so? Sai da ka cinye mana laddu?"

"Haba Alhaji, saura minti ɗaya!" in ji Dakta, idonsa na kan agogo.

Ni kam ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Minti na cika ya fizge farantin, ango ya ja numfashi ya kurma ihu, "Na karɓa! Wallahi na karɓa!"

Dakta ya duba awon. Haƙora reras. Sai da ya share ƙwalla, ni ma na taya shi, don kabad ɗina nake hangowa fes.

Labari ya isa ɓangaren mata. Amarya da aka ce ta sunkuyar da kai tun safe ta fashe da dariya har labule ya zame. Haƙoranta kuwa kowanne da inda ya nufa.

Na ga idon Dakta ya tsaya cak a kansu. Ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Rukhsana, kwanukan nan naki, ba za su iya ƙara shekara goma a kwali ba?"