Tsakar Mista Dorsey

"Ba zan musanya ta ba," na ce wa Kendall. "Mayar da abarka kantin da ka sayo ta."

Yana tsaye a kicin ɗin mahaifinsa, Mista Dorsey, riƙe da ɗan kwali mai huji-huji. A ciki akwai sabuwar tsaka mai ɗige-ɗige irin na Dolly, tsakar tsohon, sai dai ita wutsiyarta cif.

"Haba Renata, tsohon nan ba ya gani sosai. Saka wannan a akwatin gilashin, ki fitar da mai guntun gindin. Ya ga tana ci, hankalinsa ya kwanta. Wa aka cuta?"

Shi ne fa ya jawo abin. Shekara uku bai leƙo Toledo ba, sai da likitoci suka sallamo mahaifin nasa gida ya jira lokacinsa, sannan ya iso yana ƙamshin turare. Ranar da ya zo ya cafko Dolly ta wutsiya don ya nuna wa 'ya'yansa a waya. Ta yar da wutsiyar ta gudu. Ƙaton mutum ya kurma ihu, guntun yana motsi a yatsunsa.

Ƙofata na kallon ta Mista Dorsey, tsohon direban bas. Ina shekara ta biyu a karatun jinyar dabbobi, saboda haka na san abin da ke gabanmu. Kitsen tsaka a wutsiya yake, kuma Dolly watanninta biyar kacal. Na kwashe yashin akwatin gilashin, na shimfiɗa takarda mai tsabta, na rufe gefe uku da tawul, na hana kowa taɓa ta. Kullum da hantsi in miƙa mata gyare. Kullum ta kau da kai ta shige kogonta.

"Likita," haka tsohon yake tsokanata daga gado, "ta ci?"

"Ba ta ci ba, Mista Dorsey."

"To, mu biyu ke nan muke yajin aiki." Ya ture kwanon. "Ran da ta ci, ni ma zan sha wannan ruwan wankin da kike kira miya."

Kendall ya tare ni a baranda. "Kin ji da kunnenki. Kalma ɗaya za ki faɗa ya sa abu a baki. Karatun ne ya cinye miki tausayi?"

Na dube shi tun daga takalmi. "Mutumin da ya san kowane ɗigo a bayanta za ka ruɗa da ta kanti? Kai da ba ka san ko sunan maganinsa ba. Ba a yi masa ƙarya yana tsaye ba, ba zan fara yana kwance ba."

Kwana tara muka yi a haka. Ranar Alhamis kafin azahar, ƙanƙara na sauka, ya buɗe ido ya motsa leɓe. Na sunkuya.

"Ta ci?"

"Tukuna."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa motar za ta makara. Ranar ya cika.

Matan benenmu suka yi ta shigowa ta'aziyya da tiren taliya a rufe, waɗanda ba su taɓa ɗauko masa ko wasiƙa daga ƙasa ba. Ina jin su: girman kan 'yar makaranta ya kashe tsoho da yunwa. Kendall ya dire akwatin a ƙofata.

"Ga ƙadangarenki. Kada in ga ƙafarki a coci."

Ban je ba. Taurin kaina ya hana ni raka tsohon, wataƙila ya hana shi cokalin miya na ƙarshe. Na sani, kuma ko yau aka tambaye ni, amsar ɗaya ce.

Ranar Asabar motocin jana'izar suka bi ta ƙarƙashin tagata a jere, fitilunsu a kunne da rana tsaka. Ina riƙe da gyare a bakin kogon. Dolly ta leƙo, ta daɗe tana kallo, sai ta wafce shi. Na juya da sauri wajen ƙofa in gaya wa Mista Dorsey, sai na tsaya. A guntun gindinta wani ɗan tsiro ya fara fitowa, fari-fari, kamar ƙwayar shinkafa.