Kwamfutar Malam Shiru

Kwamfutocin ofishin nan magulmata ne na ƙarshe. Da an kunna su da safe, kowace sai ta hau shelar sunanta tana leƙen maƙwabta. Ka buɗe ɗaya, ka ga sunayen sauran sun jeru reras, har da na injin buga takardu, mai cin takarda kamar akuya.

Inna Sakatariya kuwa jerin nan ne karin kumallonta. Kafin ta ajiye jaka sai ta duba layi na huɗu: MALAM-SHIRU. Kwamfutar mijinta ce, mai kula da fayil, wanda ya rasu bara. An kai ta ɗakin ajiya tana riƙe da tsofaffin takardu, ba wanda ya sauya mata suna. Inna takan sunkuya ta ce, "An tashi lafiya?" A zatonta ba mai ji. Kowa na ji.

Ran Litinin sai ga Injiniya, wata doguwar mata mai tabarau, tana bin tebur tebur.

"Wannan surutun nasu zan rufe, Inna. In baƙo ya hau layinmu na intanet da wayarsa, sai ya ga kowace da sunanta. Kamar an zagaya da ɓarawo ɗaki ɗaki ke nan."

"Duka za su ɓace?"

"Duka."

Inna ta kawo shayi. Ta tambayi lafiyar yaran Injiniya da ta maigidanta, ta ba da labarin ciwon gwiwarta tun daga farko. Shayi ya ƙare, Injiniya ta danna abin da za ta danna. Jeri ya ɗauke, allo ya yi fayau.

Inna ta cire tabaranta tana ta gogewa, alhali ba abin da ya same shi.

"Inna, wa kike nema a ciki?"

"Ni? Ba kowa. Wani ne dai a layi na huɗu. Shekara talatin sai na yi magana goma ya mayar da ɗaya. Sai da ya tafi kwamfutarsa ta koyi gaisuwa."

Injiniya ta jawo kujera ta zauna. "Ai ban kashe ta ba. Shela kawai na hana ta. Wanda ya san sunan, kuma yana da izini, in ya kira za ta amsa. Rubuta a nan sama."

Inna mai buga shafi guda kafin ka ƙifta ido, yau da yatsa ɗaya ta rubuta, harafi harafi. Allo ya ɗan yi jim. Sai ga fayilolin sun buɗe, a jere tsaf yadda ya bar su.

Ta yi dariya, hawaye na bin kumatu.

"'Yar nan, ai kin mayar da ita halinsa sak. Ba ya magana sai an kira shi."

Ta matso da kujera. "To, an tashi lafiya?"

Ofis kowa ya duƙufa kan aiki, wai bai ji ba.