Iskar da Ke Bin Kaka

A gidanmu ba a buɗe taga da ƙofa lokaci guda. Dokar Kaka Ljubinka ce. Ta ce iskar da ke ratsawa tsakaninsu, promaya, ita ta kashe rabin mutanen ƙauyenmu, sauran rabin kuma tana nan tana jiransu.

Saboda haka da Yaya Radmila ta fara dawowa daga gwajin rawa dafe da kai, Kaka ba ta tsaya tambaya ba.

"Wannan zauren mai ƙofa biyu! Ki jiƙe sharkaf da gumi, iska ta bi ta kunnenki, me kike so ya faru?" Ta yayyanka ɗanyen dankali ta jera mata a goshi, ta ɗaure da ɗankwali jiƙe da ruwan tsami. "Rawa kuwa an gama. Su nemi wata."

Yaya ce aka zaɓa ta ja layin 'yan mata a bikin girbin bana, kuma mai jan layi falmaran ɗin gadon gidansu take sawa. Namu na Kaka ne, baƙi mai aikin zaren zinariya, ƙugunsa kamar na zanzaro.

Na sami Yaya kwance a ɗaki ta ja labule, dankali yana zamowa kan hancinta.

"Ke tsutsar littafi, zo nan," ta ce a hankali. "Kafin ciwon ya zo, wani haske nake gani a gefen ido, mai haƙora kamar na zarto. Kada ki faɗa wa kowa."

Na ɗauka makancewa za ta yi. Ban iya riƙe magana ba in ina tsoro, sai na ruga na ce wa Kaka Yaya za ta makance. Kafin azahar Kaka ta yafa mayafi ta tasa mu gaba sai asibitin ƙauye.

"Ki gaya mata da bakinki, 'yar nan, tunda ni ba ta jin tawa," Kaka ta ce wa likita Vukosava. "Promaya ce."

Likita ta yi murmushi ta juya wajen Yaya. "Duk kan ne yake ɗaurewa, kamar an tamke miki ɗankwali, har wuya ya sage?"

"A'a."

"Goshi da kumatu ne, da majina, in kin sunkuya ya ƙaru?"

"Wannan na Baba ne," na ce, sai kuma kunya ta kama ni.

"Ya taɓa faɗo miki farat ɗaya kamar tsawa, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya? Irin wannan ba a jira, asibiti ake rugowa."

"A'a. Gefe ɗaya ne, yana bugawa kamar ganga. Zuciyata ta riƙa tashi, ko ƙarar cokali ba na so." Yaya ta harare ni, sannan ta faɗi maganar haƙoran zarto.

"Au, wannan?" Kaka ta tafa hannu. "Ai shigowar promaya ke nan! Tun ina budurwa nake ganinsa. In ya zo, sai in rufe tagogi in ja labule in kwanta, ya wuce."

Likita ta ajiye abin rubutunta. "Kaka, ciwon ɓarin kai ne, kuma yana bin jini. Duhun da barcin ne suke taimakonki, tagar ba ruwanta." Ta dubi Yaya. "Me kika ci yau?"

Yaya ta kau da kai.

"Jiya fa, kafin gwaji?"

"Falmaran ɗin ne ba ya rufuwa," Yaya ta ce, idonta a ƙasa.

"Yunwa tana tayar da shi, haka ƙarancin barci da rashin shan ruwa. Ki ci abinci, ki sha wannan maganin da zarar kin ga hasken. Rawarki kuwa ki yi abarki."

Muna isowa gida Kaka ta shiga madafa. Ta ajiye wa Yaya kwanon wake da burodi, ta ɗauko almakashi ta fara farke ɗinkin falmaran.

"Sakarya kawai. Ca kike ni ma haka na shige shi? Uwata ce ta rage shi, ga yadi nan ninke a ciki. Ci, kafin in ɗura miki!"

Ranar biki Yaya ta ja layi, zinariya tana walƙiya, falmaran ya zauna mata ɗas. Kaka kuwa ta ɗauki kujerarta ta kafa a jikin ƙofar baya ta zaure, ta jingina da ita.

"Kaka, ai likita ta ce…"

"Na ji abin da ta ce, 'yar nema. Ita ta san kai, ni na san ƙofa. Matsa, kin tare min jikata."