Dusar da Darhan Ya Share

Darhan ya iso ƙauyenmu da sanyin safiyar Asabar, cikin wata baƙar mota mai tsayi kamar rumbu. Sa'ana ne, tare muka yi kiwon tumaki kafin ya tafi Astana, babban birnin ƙasarmu, ya zama mutumin ofis. Shekara tara ban sa shi a ido ba. Ya rungume ni, turarensa ya shaƙe ni.

"Tolegen, tsohon banza! Har yanzu wannan hular ce a kanka? Wallahi ta girmi 'yata."

"Tana hana sanyi," na ce.

Kamun shortan, wani babban kifi mai haƙora, ne ya kawo shi. Sau uku yana kira na a waya, yana roƙo in kai shi gurbin Baba. Gurbin wani lungu ne a bayan kacalla, a arewacin tafkinmu, inda zurfin ruwa bai wuce ƙirjin mutum ba. Can manyan shortan suke kwanciya idan ƙanƙara ta rufe. Mahaifina ne ya nuna mini, ni kuma ban taɓa nuna wa kowa ba. Daga Disamba zuwa Maris, abin da na ciro a can shi ne naman gidana. Matata Kulash ta ce kada in kai shi. Na ce mata wanda muka ci a kwano ɗaya ba zan iya hana shi ba.

Muka bar motar a gaɓa muka taka a kan ƙanƙara. Ni na ja kayansa. Akwai injin huda ƙanƙara mai batir, da jan tanti, da wata na'ura da ake zurawa cikin ruwa wai tana nuna kifi a allo. Rigar sanyinsa ko takardar shago bai cire mata ba. Tun daga gaɓa har lungun bai rufe baki ba: gidansa, motarsa, likitan haƙorinsa. Na saurara. Sauraro bai taɓa yi mini wuya ba.

Muka huda ramuka goma. A kowanne na maƙala ɗan kifi mai rai a ƙugiya, na saki zare, na lanƙwasa 'yar tutar da ke miƙewa idan shortan ya ja. Sannan na tura dusar ƙanƙara da ƙafa na rufe bakin kowane rami. Abu biyu Baba ya koya mini a wurin nan. Ruwa mara zurfi, idan ka bar rami a buɗe, haske yana sauka ciki kamar an kunna fitila, shortan kuwa ba ya kusantar wurin. Na biyu, idan tuta ta tashi ba ka ja. Shortan a karkace yake cafke koto, ya gudu da shi, ya tsaya, ya juya shi ta kai, sannan ya haɗiye. Sai ka ba shi lokacin shan rabin kofin shayi. Na yi niyyar in gaya wa Darhan duka biyun idan mun zauna.

Muka zauna. Na zuba mana shayi da madara, na fito da baursak, irin fankenmu, wanda Kulash ta soya. Ban kai ga buɗe baki ba wayarsa ta yi ƙara. Ya miƙe tsaye har da cire hula, a cikin wannan sanyi, don mutumin da ba ya ganinsa.

"Ranka ya daɗe! E, ina wurin yanzu haka. Na sa masa alama a waya. Wuri ne na sirri, oga, ko 'yan ƙauyen ba su san shi ba. Asabar mai zuwa. Mota shida? Ba damuwa, fili ne. A zo da raga ma, a zura ta ƙarƙashi, kowa ya koma da buhu."

Ya mayar da hularsa yana murmushi, kunnuwansa jawur.

"Su wa za su zo?" na tambaya.

"Ogana da baƙinsa. Ana neman mataimaki a sashenmu, ka gane ai. Kai kuma mu ɗauke ka ɗan jagora, ka samu na sabuwar hula."

"Darhan, da wurin nan nake ciyar da gida."

"Haba ɗan ƙauye! Kifi yana ƙarewa ne? Kai da sai da gemunka ya fito ka shiga aji, bar lissafin nan ga masu shi."

Na kurɓi shayina. Na taɓa ganin lungun da aka ja wa raga sau ɗaya. Shekara huɗu ke nan, ko ƙwaro babu a ciki.

Ya tashi zai gwada na'urarsa, sai ya tsaya a kan ramin farko ya riƙe ƙugu.

"Wai me ka yi haka? Ka toshe ramukan! Ta ina kifin zai ga koton, a cikin duhu? Shi ya sa kuke nan jiya i yau."

Ya ɗauko shebur ɗinsa sabo fil ya hau shara. Rami bayan rami, yana kwashe dusar, yana goge bakin da safar hannu har ƙanƙarar tana sheƙi. Ya yi aikin da zuciya ɗaya, har da gumi. Ban taɓa ganin mutum ya wahala haka wajen korar abin da ya zo nema ba. Na ƙara wa kaina shayi.

Tara ya share. Na goman yana can jikin kacalla, ƙiwa ta hana shi ƙarasawa. Wajen azahar tutar wannan ramin ta miƙe.

"Ga shi! Ga shi!"

Ya kwasa a guje, takalmansa suna dukan ƙanƙara kamar ana daka. Ina biye da shi a hankali, ina hango zaren yana warwarewa da irin nauyin da na sani. Babba ne. Kalma ɗaya ta isa: jira. Tana bakina. Na bar ta a can.

Ya damƙi zaren ya fizga da dukan ƙarfinsa. Ƙugiya ta fito fit, shi kuma ya zauna daɓas. Na riga shi kai hannu ga koton. An tsaga cikinsa, sawun haƙora a jere, faɗinsu ya kai yatsu huɗu. Na dunƙule shi na jefa a aljihu.

"Mene ne? Ya ci?"

"Iska ce ta ɗaga tutar," na ce. "Takan yi haka."

Muka zauna har rana ta karkata. Ya zura na'urarsa a ramukan nan tara masu haske, allon bai nuna masa komai ba sai ciyawa. Ya daina labarin gidansa. Ya koma zagin sanyi, daga nan ya koma kaina.

"Wannan ne gurbin da ake ta ɓoyo? Babanka kwatami ya bar maka gado. Da na kawo oga nan, da na gama yawo a ofis."

Ya ciro wayar, ya cire safa da haƙori, ya goge alamar a gabana. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Da muka isa gida ya leƙa rumfar da nake ajiya, ya ga shortan uku a daskare, kamun makon jiya. Ya tambayi inda na samo su. Na ce a kasuwar gunduma. Ya ɗauki babban, ya karkaɗe masa dusa, ya ba ni wayar in ɗauke shi hoto yana riƙe da shi. Na ɗauka. Ya ce in sake, wai tumbinsa ya fito a hoton. Ko shayin Kulash bai tsaya sha ba.

Bayan motar ta ɓace, Kulash ta dube ni. Na ciro koton daga aljihu na ajiye a kan tebur. Ta auna sawun haƙoran da yatsunta.

Washegari na koma ni kaɗai. Ramukan sun daskare, na sake huda su, na rufe kowanne da dusa. Darhan bai ƙara kira na ba, ni ma ban neme shi ba. Da hantsi tutar jikin kacalla ta miƙe. Na zuba rabin kofi, na zauna.