Shanun Intalla a Bakin Tabki

Ranar Asabar, 14 ga Yuli, 1951, kwana takwas bayan sallar azumi, mota guda ta tsaya a bakin wani tabki kusa da Korahane, cikin ƙasar Dakoro. Nasara huɗu suka sauko, maza uku da mace ɗaya, tare da gardawa uku masu jar hula, 'yan sandan Nasara, da tafinta mai suna Sa'adu. An sauke tebur, da kwalabe goma sha biyu, da raguna biyu na gashi, da wani dogon ƙunshi. Ranar bikin Faransa ce, ba a buɗe biro, wato ofishin gwamnati.

Da aka kwance ƙunshin aka harhaɗa sandunansa, sai ga jirgin ruwa siriri na ƙyalle mai kauri, mai cin mutum biyu. Ƙasar ba ta da kogi. Amma damina ta makara a shekarar, ruwa bai sauka ba sai a wannan kwari, ya cika shi ya miƙe kamar gulbi.

Da hantsi Intalla ya iso da shanu sittin da uku. Buzu ne, dattijo, ya taso daga arewa inda rijiyarsu ta ƙafe, kwana uku ke nan dabbobin ba su sha ba. Gardawa suka tare shi da bulala tun daga kan tudu.

"Baba, koma da su baya," in ji Sa'adu. "Yau tabki na Nasara ne."

"Shi ya zubo ruwan?"

"Ni dai abin da aka ce in faɗi na faɗa."

Intalla ya danne zuciyarsa. Ya ce ba ya neman shanu su taka tabkin. A bar shi kawai ya ɗebo da guga can ƙarshe, ya zuba a komi. Duk makiyayi ya san saniyar da ta daɗe da ƙishirwa ba a sakinta ga ruwa. Biyar-biyar ake kawo su, su kurɓa, a kore su su huta, sannan a maido su. In aka bar ta ta sha iyakar sonta, cikinta ya kumbura ta faɗi.

Sa'adu ya je wurin babban Nasaran ya dawo. "Ya ce shanu na jawo ƙudaje, kuma teburin yana can ƙarshen. Ka jira su gama cin abinci."

Ya jira. Yana tsaye cikin rana, sanda a gicciye bisa kafaɗa, yana kai da kawowa gaban garken yana kiran manyan da sunayensu don kada su ɓalle. Shanun sun ji ƙamshin ruwa, kukansu har ya dushe. A ƙasa kuwa babban Nasaran da matarsa suna tuƙa jirgi da filafili mai baki biyu, su kai ƙarshe su juyo, matar tana jan yatsunta cikin ruwa. Intalla ya ƙirga: sau tara suka je suka dawo. Sannan suka zauna ƙarƙashin aduwa suka ci rago, suka sanyaya kwalabensu cikin ruwan da aka hana dabbobinsa. Bayan haka suka yi barci. Bai taɓa sanin akwai mutanen da ke samun ruwa su hau kansa don wasa ba.

Da la'asar Sa'adu ya hauro yana murmushi. "Baba, Allah ya yanke maka wahala. Madam ta ji tausayinsu. Ta ce a sake su gaba ɗaya, za ta ɗauki hotonsu daga cikin jirgi suna gangarowa."

"Gaba ɗaya? Ɗana, ubanka bai taɓa riƙe ko akuya ba? Koma ka gaya ma mijinta biyar-biyar za su sha!"

Sa'adu ya gangara ya sake dawowa. "Ya ce da safe ka yi roƙo, yanzu an ba ka kana jayayya."

"Ka gaya mishi za su mutu!"

Sa'adu ya dubi ƙasa, bai koma ba. Intalla ya shiga gaban garken ya ware hannuwa, amma wani gardi ya zagaya baya ya harba bindiga sama. Shanun suka ture maigidansu suka kwarara. Na gaba suka nutse cikin taɓo har ƙirji, na baya suka hau kansu, duka suna sha ba ɗaga kai. Daga tsakiyar ruwa aka ji tafi.

Intalla ya faɗa cikinsu yana duka da sanda, yana jan wutsiya, yana zagin da bai taɓa yi ba a gaban mutane. Da ya ga ta fari ta kwanta cikinta ya tashi kamar salka, sai ya yar da sandar ya zaro wuƙa, don kada su tafi ba yanka. Biyar ya samu ya yanka. Nasaran suka ce abin ba kyan gani, suka naɗe jirginsu suka tafi.

Shanu goma sha bakwai suka mutu a wannan yammaci. Mutanen kwarin sun yi mako uku ba su sha ruwan tabkin ba. Intalla ya sayar da sauran garken kafin kaka, ya sari gona kusa da Adjekoria, inda ya yi noman gero har rasuwarsa a 1958.